Sabon Inji, Tsohon Ƙarfen Awo

Motar ta girme ni. Shi ne abu na farko da anka gaya mini ranar da anka kai ni gidan, tun ban san inda randa take ba, kamar ana nuna mini wata goggo da zan riƙa durƙusa mata da safe. Fara ce da can, in ji su. Ni dai kalar dusa na iske ta, irin mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaura ma tampol, wadda ake ce ma bashe. Surukina, Allah shi jiƙan shi, hannun wani bature mai ginar rijiyoyi ya saye ta, ya yi ta jigilar gero da awaki da mutane tsakanin Filinge da Tabla da ƙauyukan Kurfai har ƙarfinshi ya ƙare, sannan ta faɗo hannun maigidana. Mutanen tasha kaskon turare suke ce mata. In ta taso daga kasuwa, hayaƙinta ke riga ƙuginta isowa.

Cikin gida take kwana. An fasa katanga an faɗaɗa ƙofa saboda ita tun ban zo duniya ba, ɗakina kuwa shi anka gina daga ƙarshe a ɗan filin da ya rage, sai ya zamana bututun hayaƙinta shina kallon asabarin ƙofata, taku uku tsakani.

Kullum da safe, in ya dawo masallaci, maigidana sai shi ɗaga murfin inji shi zaro wani siririn ƙarfe mai tsawo, wanda ake auna baƙin mai da shi. Su maza joji suke ce mishi, ni ƙarfen awo nike cewa. Shi goge shi da tsumma, shi mayar, shi sake zarowa, shi ɗaga shi wajen haske shina ƙanƙance ido kamar mai duban wata. Akwai zane biyu kusa da bakin ƙarfen, in mai bai kai na sama ba sai shi ƙara. A zoben da ake riƙewa kuma akwai wata ƴar laya da surukuwata ta sa anka ɗinka tun ranar da motar ta shigo gidan, fatar ta yi baƙi ƙirin ta yi tauri don shan mai. Motar ba ta taɓa fita ba tare da layar nan ba. Bayan ya gama duba sai shi tada ta, shi bar ta tana ƙugi wai tana ɗumama, shi kuma shi zauna shi sha kununshi a natse, yayin da shuɗin hayaƙi ke bin ƙarƙashin asabari shina cika mini ɗaki.

Shekarar farko ban damu ba. Tufafina sunka yi wari, ƙwaryata ta yi wari, na saba. Da na haihu ne abin ya zama wani abu.

Ɗiya mace ce, kuma ta fari. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ɗiyan fari ba naka ba ne gaban mutane. Ba ka kiran sunanshi, ba ka yi mishi wasa, in ya faɗi gaban surukai ka kau da kai ka bar kakarshi ta ɗauka. Na riƙe wannan kunyar yadda uwata ta koya mini, har wata na bakwai, da yarinyar ta fara tari. Da fari ɗan tari ne da safe, daga baya in na goya ta sai in riƙa jin wani ɗan kuka cikin ƙirjinta, siriri, kamar na ɗan tsako da ya faɗa tulu. Babu wanda ke ji sai ni, don bayana take.

Wata rana na ce za ni kitso gidan goggota, na ratsa na kai ta likita. Lokotoron ya ɗora abin saurarenshi a bayanta ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko wani na shan taba cikin ɗakin. Na ce a'a, mota ce. Ya yi dariya, da na kwatanta mishi taku ukun nan sai dariyar ta tsaya. Ya ba ni wani ruwan magani a kwalba ya ce wannan ɗan taimako ne kawai, maganin gaskiya shi ne a raba ta da hayaƙi, ƙirjin jinjiri ba shi da faɗin da zai ɗauka.

To, wa zan gaya ma? Na kewaya na kewaya, ran nan muna sussuka na ce ma surukuwata, ina kallon turmi, kamar yarinyar nan tasu ba ta son hayaƙi. Ta ce haƙori ne, duk ɗiyanta haka sunka yi. Don ta nuna mini ita ma ta damu, da yamma ta kawo kasko da garwashi da wani sassaƙe, ta lulluɓe yarinyar da zane ta turara ta har ta yi ja. Na tsaya ina kallon tukunyata, hawaye na zuba, na ce albasa ce. Da na gaya ma maigidana cikin ɗaki, sai ya ce shi cikin wanga hayaƙi ya girma, kuma ga shi nan ƙato, ban da haka ma shina korar sauro. Na roƙe shi ko juya ta shi yi, gabanta shi kalli ɗakina. Ya ce ubanshi bai taɓa fita gida da baya ba, shi ma ba zai fara ba.

Sai na koma kullum in na ji ya ɗaga murfin inji, in goya ta in zagaya bayan rumbu in tsaya har motar ta fita. Surukuwata ta lura. Na ji tana gaya ma maƙwabciya cewa ƴan yanzu ba su da ta ido, ɗiyan fari ma sai sun nuna ma duniya su sunka haifa.

Wata uku muna haka. Zamanin soja ne, lokacin da in mai kaki ya yi tari gari duka shike cewa sannu. Anka yi shela wani babba zai zo rangadi, anka share hanyoyi, anka shafa ma gindin itatuwa farar ƙasa. Ran nan wani jandarma a shingen bakin gari ya tsai da maigidana, ya kaɗa hayaƙin da hularshi, ya ce mishi in ya sake ganin wanga abu kan hanya kafin baƙo shi zo shi tafi, motar za ta kwana wajensu har kaji su yi ƙwai cikinta. Maigidana ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Tarin ɗiyata wata uku bai sa an kwance ko noti ɗaya ba, magana guda ta mai hula ta sa kwana biyu tsakani anka kora bijimi kasuwa, maigidana da bakanikenshi sunka kama hanyar Yamai neman inji.

Bakaniken nan ɗan kawuna ne, taubashina, tare munka yi wasan ƙasa. Shekara biyu ya yi Yamai shina yaron wani mai gareji, ya dawo da jaka ɗaya ta ƙarafa da faransanci da bai fi cikin cokali ba, amma in ya buɗe baki sai ka ce shi ya ƙera motar. Shina da wani karatu da shike yi ma kowa: baƙin hayaƙi isansi ne, wato fetur, ya yi yawa, fari ruwa ne, shuɗi kuwa mai ne ke ƙonewa. Namu shuɗi ne, don haka ya yanke cewa zobban cikin injin, waɗanda shike kira segima, sun cinye, injin ya gama aikinshi a duniya. Wannan kam gaskiya ya faɗa, ba ni hana mishi ita.

Sunka dawo da wani inji bisa kamiyon gero, an naɗe shi cikin buhuna. Sabo suke ce mishi, ko da shike daga cikin wata matattar mota anka ciro shi. Ranar da za a sauya, maza sunka cika gidan, kowa da tabarmarshi da shawararshi, har da waɗanda ko keke ba su taɓa hawa ba. Anka tura motar ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida. Ba su da sarƙar ɗaga inji, sai anka aro kurar rijiya, abin nan mai juyawa da igiyar guga ke bi, da igiyarta anka rataya ga reshe, anka kawo sa mai jan guga anka ɗaura mishi. Abin da ba wanda ya tuna cikin masu hikimar nan, shi wanga sa ya saba da rijiya mai zurfi, in ya fara tafiya ba shi tsayawa sai ya kai inda ya saba kaiwa. Anka ce mishi tafi, ya tafi. Injin ya fito, ya wuce kawunansu, ya hau sama har ya bugi reshe, baƙin mai na zubo musu kamar ruwan farko, su kuma suna bin sa da gudu suna roƙonshi. Ina bakin murhu na cusa bakin zane a baki.

Kwana uku sunka yi kafin sabon shi zauna. Rana ta uku da la'asar, ina kallo, maigidana ya zare ƙarfen awon da ya zo da sabon injin ya jefar gindin katanga, ya ɗauko na ubanshi mai laya ya zura. Ya shiga ramin daidai. Ya tambayi ɗan kawuna ko da matsala, shi kuma ko dubawa bai yi ba ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne. Da sunka watse na tsinci wanda anka jefar, don na ga zai yi mini daɗin tona wuta.

Akwai wani abu kuma. Gwangwanayen mai in sun ƙare ni ke tattarawa, in wanke da toka in zuba gishiri da kanwa da su barkono. Saboda haka na san cikin motar nan fiye da yadda suke zato: duk sanda anka juye tsohon mai anka zuba sabo, gwangwani huɗu ke zuwa hannuna. Ran nan ɗan kawuna ya zuba huɗu, ya zura ƙarfe, ya ce bai kai ba. Ya ƙara ɗaya, bai kai ba. Sai da na bakwai ya kusa ƙarewa sannan mai ya taɓa zanen sama. Wani tsoho ya ce anya. Ɗan kawuna ya ce injin ƙasar Turai ne, cikinshi babba ne, kuma ya kwaso yunwar hanya. Kowa ya gyaɗa kai.

Da anka tada ta, sai ga bututu fes, ba komi. Anka yi ta barka, surukuwata ta yi guɗa, ni kaina na yi hamdala. Sunka hau sunka zagaya kasuwa don kowa shi gani. Da sunka dawo ban ga motar ba, hayaƙi na gani ya shigo ƙofa, mai kauri, shuɗi da fari-fari, ya fi na da sau nawa, bututun har ɗigar da mai shike yi a ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muni. Tsoron jandarma ya hana motar fita, sai ta wuni gida, ɗan kawuna kuma ya tare wajenmu da jakarshi. Yau shi ce buji ne, ɗan abin nan da ke ba inji wuta, a sauya, a tada, a taka ta ta yi ta kururuwa ana kallon bututu. Gobe shi ce isansin kwalba ne da ake saidawa bakin hanya, an gauraya shi. Jibi shi ce mutumin Yamai ne ya cuce su, Allah shi isa. Surukuwata ta ce bakin mutane ne, tun ranar da anka zagaya kasuwa ta san za a yi haka. Kowace sabuwar dabara sai an gwada ta a ƙofar ɗakina. Da, sau ɗaya nike gudu bayan rumbu, yanzu sai in wuni can, ga bazara, ga rana, hayaƙin kuma ya koyi zagayowa. Babban baƙon da anka yi duk wannan dominshi ya zo ya wuce cikin ƙura, ko gilashi bai sauke ba.

Yarinyar ta daina kama nono sosai, in ta ja sau biyu sai ta saki ta nemi iska. In na kwance mata riga sai in ga fatar tsakanin haƙarƙarinta na shiga ciki duk numfashi. Maganin kwalba ya ƙare. Ina cikin wannan na ji ɗan kawuna na cewa ba makawa sai an buɗe cikin sabon injin an duba zobbanshi, aikin sati biyu ko uku, in bai yi ba a koma Yamai. Na ƙirga sati uku a raina, na dubi ƙirjin nan, na san ba su yi daidai ba.

Wata safiya ina tona wuta da ƙarfena, maigidana ya zaro nashi ya ɗaga shina duban wata kamar kullum. Na dubi na hannunshi, na dubi na hannuna. Uwata gero take aunawa a kasuwa, a gindin buhunta na girma, tun ban iya ɗaura zane ba na san tiyar wani gari ba ta wani gari ba ce, kuma idona ba shi ɓata a kan awo. Da ya aje nashi bisa motar ya zagaya bayan gida, na yi maza na je na jera su. Na sabon injin ya fi na surukina tsawo da yatsa uku, zanenshi ma can ƙasa suke. Ajina uku a lakwal, amma wannan ba ya bukatar ko ɗaya. Wanda ya zura gajeriyar igiya a rijiya ya jawo guga busasshe, sai shi ce rijiya ta ƙafe. Su kuma da sunka ga ta ƙafe sai sunka yi ta ɗura mata, har ta cika ta rasa inda za ta kai man, tana amayo shi ta inda ta samu.

Maigidana ba a yi mishi maganar ƙarfen ubanshi, na sani. Amma taubashi ba a jin kunyarshi. Da rana ya zo neman ruwan wanke hannu, na miƙa mishi buta na ce:

"Kai mai baƙin hannu, in ka auna gero da tiyar da ba ta kai ba, laifin gero ne?"

"Baiwata, me ya haɗa ki da awo? Tuwonki ma jiya gishiri ya yi yawa."

"Gwangwani bakwai ka ɗura mata inda take shan huɗu. Ƙarfen da kuke aunawa da shi gajere ne, na gwada su."

Ya yi dariya har ya zubar da ruwan. Ya ce ranar da masu tuƙa tuwo sunka fara gyaran inji, shi zai ɗaura zane shi zo shi karɓi muciya. Na ce mishi ya yi sauri, ko tuwon ya fi ƙarfinshi, ya fi kyau shi koma kiwon awakin kawu, su ko sun yi hayaƙi ba a ganewa. Ya tafi shina dariya, kuma na san ko ya yarda a ranshi ba zai je shi duba ba, tunda daga bakina ta fito.

Ranar Juma'a maza sunka tafi masallaci, surukuwata ma ta bi sahun tsofaffi, gidan ya rage daga ni sai yarinyar da kaji. Na kwantar da ita a inuwa. Na goge ƙarfena da toka da rairayi har ya yi haske, sai dai bakinshi da wuta ta riga ta ƙona ya ƙi fita. Na san inda ake ja murfin shi buɗe, shekara biyu ina kallo. Na zaro na surukina. Igiyar layar ta bushe ta ƙi kwantuwa, sai da na sa reza. Ban taɓa taɓa layar nan ba, kuma ina ta tunanin in motar ta faɗi da mutane gobe, ni ce. Na yi bisimilla, na ɗaura ta a zoben dogon ƙarfen da baƙin zaren kitsona, na shafa mata baƙin mai don kada sabon ɗauri shi nuna, na zura shi, na rufe. Gajeren kuma na soke shi cikin jinkar madafa.

Washegari da safe maigidana ya zaro, ya goge, ya mayar, ya zaro. Ya daɗe tsaye. Ya sake yi har sau uku. Mai ya wuce zanen sama da nisa, ga kumfa a jikinshi kamar an kaɗa nono. Ya kira uwarshi da wata irin murya ya ce mata mai ya ƙaru da kanshi cikin dare. Ta zo ta leƙa, ta ce to ai ba abin mamaki ba ne, malamin da ya rubuta layar nan mutumin kirki ne. Shi dai bai natsu ba, ya tafi da kanshi ya taso ɗan kawuna.

Ɗan kawuna ya karɓi ƙarfen ya juya shi. Na ga idonshi ya tsaya a ƙonannen bakin, ya hau har zobe, ya tsaya a zaren. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma ina ta fifita wutar da ta riga ta kama. Sai ya gyara murya ya ce dama kwana biyun nan bai yi barci ba shina nazarin abin, kuma abin da ya zata ne ya tabbata: irin waɗannan injuna in sun zauna sun saba da ƙasa, sai su maido da man da sunka sha da fari, dole a rage. Ya faɗi wata kalma da faransanci. Maigidana ya ce lalle, shi ma ya so shi yi wannan tunanin.

Ya shiga ƙarƙashi ya kwance noti, mai ya zubo cikin tasa, kusan gwangwani uku kafin shi sauko zanen sama. Ya buɗe kwanon da iska ke shiga ta cikinshi, ya iske shi cike da mai, ya wanke da isansi, ya goge buji. Sannan ya zo madafa wai neman toka.

"Zaren kitso, baiwa?" ya ce a hankali.

"Ai ƙarfe ƙarfe ne, in ji wani babban bakanike. Zare ma zare ne."

"In ya gane kin taɓa layar nan, gidan kawu za ki kwana."

"In na kwana can, tasha duka za ta ji wanda ya gyara motar. Kai dai ga abin da za ka yi mini. Ka ce mishi wanga inji ba shi son a tada shi cikin katanga."

Ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke bayana. Ina jin lokacin ne ya fara jin kukan ƙirjin nan. Ya ɗebi tokarshi ya fita. Ina ji shina gaya ma maigidana cewa injin Turai iska shike so, in ana tada shi tsakanin katangu shina shaƙar hayaƙin kanshi, man zai sake ƙaruwa, kuma ba ruwanshi in haka ta faru. Abin da na roƙa wata huɗu da hawaye, kafin azahar an kafa rumfar kara a ƙofar gida. Motar ta fita da gabanta kamar yadda ta saba, ba ta sake shigowa ba.

Sunka kai ta hanyar Tabla sunka yi ta gudu har man da ya taru cikin bututu ya ƙone. Hayaƙin bai ɗauke duka ba, tsohuwar mota ce, da safe takan yi ɗan shuɗi kafin ta ware, amma jandarma bai sake kaɗa hula ba, kuma can waje take yin abinta.

Ƙirjin yarinyar bai saki nan da nan ba. Na wanke asabari, na fitar da shimfiɗa rana, na shafe bangon da sabuwar ƙasa don warin ya kama shi. Kullum da safe in na ji motar ta tashi bayan katanga sai in kifa ta bisa cinyata in sa kunne a bayanta. Ɗan tsakon na nan sati na farko, na biyu ma shina nan amma ya yi nisa. Ruwan farko ya sauka, anka fita shuka. Wata safiya na sa kunne na daɗe, ban ji komi ba sai iska na shiga tana fita. Na sake sawa ta ɗaya gefen. Surukuwata ta shigo ta iske ni haka, na yi sauri na ce ƙuda nike kore mata. Ta ce ai ta gaya mini haƙori ne, ga shi sun fito ta warke.

Motar ta yi shekaru bayan nan. Soja sunka tafi anka shiga siyasa, ta ɗauki tutoci kala-kala, duk jam'iyyar da ta zuba mata isansi tata ce, soja sunka dawo tana nan. Ɗan kawuna ya yi suna a tasha da labarin injin da ke maido mai, na ji har wasu na zuwa daga ƙauye shi rage musu nasu. Maigidana har ranar da anka saida ta ga masu ƙarafa shina zaro ƙarfen nan da safe shina cewa na ubanshi ne, kuma da zai rabu da ita layar kawai ya cire, ya yi mamakin yadda igiyar mutanen da take da ƙarko. Ɗiyar ta girma ta yi nata ɗiyan, sai dai har yau ba ta iya tsayawa inda ake suya, sai ta fita waje tana dafe ƙirji, kuma mutane na cewa son jiki ne.

Gajeren ƙarfen shina nan madafata, da shi nike tona wuta. Bai kai wancan daɗin aiki ba, yatsa ukun nan da ya rasa kullum sai wuta ta lashe mini hannu.